Ba sunan kiɗa ke yi wa makaɗi iyaka ba

Tun da ƙungiyar Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Agadas, ta fara cika zaurukan Turai da Amurka, gardama ɗaya ke biye da ita. Wasu na cewa kiɗanta "desert blues" ne, sunan da 'yan kasuwar faifai suka laƙaba wa jitar Abzinawa, wasu kuma na cewa ta zama ƙungiyar rok zalla, ta bar gida. A ganina duka ɓangarorin biyu sun ɗora wa suna nauyin da ba nasa ba. Sunan salo yana iya bayyana faifai guda, amma ba shi da hurumin gaya wa makaɗi inda zai tsaya.

Mai cewa Mdou ya bar asalinsa, sai a tambaye shi wane asalin yake nufi. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya, irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa na wancan zamanin. Ba a kantin faifai ya yaɗu ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya a katin memori, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya saka waƙarsa a cikin tarin waƙoƙin da aka tsinto daga wayoyin mutanen Sahara. Sai a 2019 ya fitar da Ilana, wanda aka ɗauka a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, sannan Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador, sannan Funeral for Justice a 2024, inda jitar ke kururuwa, gangar Souleymane Ibrahim kuma ke gudu kamar ba za ta tsaya ba. Wanda ya fara jinsa a Sakkwato zai ce asalinsa nanaye ne, wanda ya fara jinsa a 2021 zai rantse rok ne. Kowa inda ya tarar da shi yake kira asali.

Ita kanta jitar Abzinawa ba gadon kaka da kakanni ba ce. Matasan da suka kafa ƙungiyar Tinariwen a ƙarshen shekarun 1970, suna gudun hijira tsakanin Aljeriya da Libiya, su suka ɗauki jitar lantarki suka ɗora mata zubin kiɗan tende da waƙen gargajiya, kuma a lokacinsu wannan baƙon abu ne. Abin da ake kira gargajiya yau, wanda ake so Mdou ya tsare, bidi'ar jiya ce da kunne ya saba da ita. Su kuma sunayen da ake ta jayayya a kansu, yawancinsu daga waje suka zo. Laƙabin "world music", wanda aka daɗe ana cusa makaɗan Afirka a ƙarƙashinsa, wasu masu kamfanonin faifai ne suka amince da shi a wani taro a Landan a 1987, don kantuna su san kantar da za su jera kayan. A wannan rukunin Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012, kuma a 2020 masu kyautar da kansu suka sauya masa suna. Abin da aka ƙirƙira don sauƙin ciniki, aka kuma sauya shi da rana tsaka, bai isa ya zama ma'aunin amanar makaɗi ba.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna yana taimakon mai sauraro. Matashin da ya ji Bombino, wani makaɗin jitar Abzinawa, ya so shi, ta laƙabin "desert blues" ne zai gano Tinariwen da Mdou, kuma makaɗan Sahara da dama sun samu gayyata zuwa bukukuwan ƙetare albarkacinsa. Na yarda da wannan. Amma alamar da ke bakin hanya aikinta ta nuna maka gari, ba ta hana garin faɗaɗa ba. Matsalar tana farawa ne ranar da mai sauraro ya mayar da sunan alƙawari, ya ce tunda da wannan sautin na san ka, ka ci amanata da ka sauya.

Hujja ta biyu ta fi zafi: cewa ƙarar jitar an yi ta ne don kunnen Turawa, tunda kamfanin na Amurka ne, mai kaɗa bes ɗin ƙungiyar, Mikey Coltun, shi ma Ba'amurke ne. Ba wanda zai ce kasuwa ba ta taɓa makaɗi. Sai dai duk wanda ya san bikin aure a Agadas ya san ba a nan ake kaɗa jita a hankali ba. Amsa-kuwwa a buɗe take har ƙarshe, ganga na sauri, ƙura na tashi, matasa na rawa. Sautin nan mai laushi da ake tallatawa da hoton raƙumi da rairayi, shi ne ya fi kusa da abin da baƙo ke so ya ji. Kuma da neman yardar Turai ne burin, da ba a Funeral for Justice, faifan da ya fi kowanne ƙara, ba ne za a sami waƙar da ke tuhumar Faransa kai tsaye, da wata mai kiran Abzinawa su riƙe harshensu na Tamashek kada ya ɓace. Mutumin da ke waƙa kan ƙasar da aka kwashe shekaru ana haƙar yuraniyom ɗinta a Arlit alhali ƙauyukanta na kwana cikin duhu, yana da dalilin ɗaga murya.

Ƙungiyar ma ta ba da amsar da ta fi ta kowane mai sharhi. Juyin mulkin Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakokin Nijar, suka kasa komawa gida. A wannan zaman suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙin nan dai su ne, makaɗan su ne, amma kantin da ke bin laƙabi dole ya jera faifan biyu a kanta daban-daban, ɗaya wajen rok, ɗaya wajen kiɗan hamada.