BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ya ku 'yan'uwa na rassan Mallawa da Dungas da Magarya da sauran garuruwan kasuwa, ga wata magana da muke so a karanta da ƙarfi a taron kowane reshe, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji, zama maganar ta shafi aljihunsa da 'ya'yansa.

Babu ɗayanmu da bai san irin wannan gida ba. Uba ya sayar da gyaɗa da awaki, uwa ta soya ƙuli-ƙuli ta kai kasuwa, an tara jika-jika an tura yaro karatu. Ya yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, ya ci bak, sa'an nan ya yi 3 a jami'a ya karɓi lisans. Shekara 16 ke nan. Kadan ya samu gurbi sai ya ƙara 2 na bautar ƙasa. Bayan wannan duka sai ga shi ya komo gida da takarda cikin jaka, yana zaune a fada yana shan shayi, yana jiran ranar da gwamnati za ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Wani ya gaji da jiran ya hau kabu-kabu. Ba mu raina kabu-kabu ba, sana'a ce ta halal. Amma ba sai an sayar da awakin gida shekara 16 ba kafin a koye ta.

To, ina mafarin wannan ciwo? Tilas mu koma baya. Sa'ad da Nasara ya buɗe lakwal a ƙasar nan, abin da yake nema shi ne akawu da tafinta da mushe waɗanda za su riƙe masa biro. Wanda ya fi hazaƙa sai a aika da shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu. A 1960, shekarar da muka karɓi mulkin kai, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba, mutanen ƙasar kuwa wajen miliyan 3 ne. Saboda haka duk mai takarda kujera tana jiransa. Daga nan ne iyayenmu suka ɗauka cewa takarda ita ce aiki, mu kuma muka gāda.

Amma zamani ya juya. Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafarta a 1973. A farkon shekarun 1980 kuɗin yuraniyom ya faɗi, masu ba da bashi na ƙetare suka gindaya sharaɗin a tsuke ɗaukar ma'aikata, har daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma cika azuzuwa da 'yan kwantiragi. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Mutanen ƙasa sun haura miliyan 25. Masu fitowa da takarda sun ninka sau da yawa, ƙofar biro kuwa tana nan yadda take. Wanda ya ce wa ɗalibi ya zauna ya jira wannan ƙofa, lalle ya sa shi jiran gawon shanu.

Ba yau aka fara faɗakar da mu ba. Malam Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda aka sa wa Jami'ar Yamai sunansa a 1992, ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka tun 1964. A ciki ya nuna cewa makarantar da Nasara ya bar mana tana raba yaro da harshensa da kuma aikin da jama'arsa ke ci da shi. Shi kansa bai tsaya ga alli ba, ya duƙufa a kan sarrafa hasken rana don amfanin ƙasa. Mun ɗauki sunansa mun manna a ƙofar jami'a. Shawararsa fa, yaushe za mu ɗauka?

Mu da muke riƙe da alli a makarantun ƙauye, mu ma da namu laifin, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Sau nawa muka ce wa yaro, in ba ka yi karatu ba a gona za ka ƙare? Mun mai da gonar ubansa abin tsoratarwa. Yaron da ya ji haka tun yana ɗan shekara 7, yaya zai komo yana da 24 ya dubi gonar nan da idon mai neman arziki?

Alhali kuwa aiki yana nan kwance a ƙasarmu yana neman mai ilimi. Ku dubi gawo. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya, ba tare da wani ya ba su takarda ba, suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu suna renonsa, har masu bincike suka ƙiyasta a 2006 cewa filin da ya farfaɗo a wannan yanki ya kai kadada wajen miliyan 1. Baƙi suna zuwa daga ƙasashe masu nisa su gani su rubuta. Ɗaliban aikin gona na Maraɗi da masu karatun labarin ƙasa na Damagaram, su ne ya kamata su riga kowa. Ku dubi gyaɗa. Ita ce babbar hajar da ƙasar nan ke fitarwa a shekarun 1960, har aka kafa mata kamfanin SONARA a 1962, kafin farin 1973 da cutar da ta biyo baya a 1975 su karya ta. Har yanzu matanmu da hannu suke matse mai. Wa zai haɗa su ƙungiya, ya riƙe musu lissafi, ya gyara musu inji, ya nemo musu kasuwa? Ku dubi fadamun Korama inda ruwa ke kusa, ana noman rake da rogo da kayan lambu, famfon hasken rana ya lalace a rasa mai gyara. Ku dubi dabbobin da muke korawa Maigatari kowace Alhamis, ana ciniki tsakanin sefa da naira, mai dabba bai san ribarsa ba bai san faɗuwarsa ba.

Wani zai ce ai ga matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Madalla da ita. Amma matata guda ba za ta ɗauki 'ya'yan jiha guda ba, ko da ta so.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai.

Na farko, ga jami'o'i, musamman Jami'ar André Salifou ta Damagaram wadda ita ce tamu ta kusa. Kada ɗalibi ya karɓi lisans sai ya yi watanni yana aiki da hannunsa a wurin da aikin yake, watau asibitin ƙauye, ko ma'aikatar magajin gari, ko ƙungiyar manoma, ko shagon ɗan kasuwa, kuma malaminsa ya taka ya je ya duba shi ya ba shi maki. Maƙwabtanmu na Najeriya sun soma irin wannan tsari ga ɗaliban fasaha tun 1973. Bai kawar musu da zaman banza ba, gaskiya ce, amma wanda ya taɓa inji kafin ya fito ya fi wanda ya gan shi a allo. A kuma koya wa kowane ɗalibi, ko me yake karanta, yadda ake riƙe littafin shiga da fita, da yadda zai bayyana iliminsa da Hausa ga manomi.

Na biyu, ga 'yan kasuwa da magadan gari. Jami'a ba ta da gona a Mallawa, ba ta da rumfa a kasuwar Dungas. Ku ne da su. Kowane mai hali ya karɓi ɗalibi guda a lokacin hutu, namiji ko mace, ya ba shi masauki da abinci, ya buɗe masa littafinsa. Kada a mai da shi ɗan aiken sayen goro. A rubuta abin da zai koya, a sa hannu gaban shaidu.

Na uku, ga ɗalibai. Takardarku ba ta hana ku durƙusa gaban tsoho ku tambaye shi yadda ake sassabe ba a kashe toho ba. Ku zaɓi abin da za ku rubuta bincikenku a kai daga matsalar garinku, domin ranar da kuka fito a riga an san ku da wani abu. Ku yi rajista a hukumar samar da aiki ta ANPE, amma kada ku yi rajista ku koma ku kwanta.

Na huɗu, ga iyaye. Kada ku ce ɗa ya yi asarar karatu don kun gan shi da rigar aiki a fadama. Kuma 'yar da ta ci bak, a bar ta ta ƙarasa, zama matan ƙauyukanmu suna bukatar ungozoma da likita da malama daga cikinsu.

Aikin rassa kuwa shi ne wannan. Kafin taro na gaba, kowane sakatare ya rubuto sunayen 'ya'yan garinsa da ke jami'a, da abin da kowa ke karanta, da shekarar da zai gama. A gefe guda ya rubuto sunayen waɗanda suka yarda su karɓi ɗalibi a hutun bana. A kawo takardun biyu mu haɗa su. Wannan ba ya bukatar izinin kowa, ba ya bukatar ko dala. Yaron da zai fito baɗi, yau ne ranar fafe gorarsa.

Allah ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, ya mai da wa iyaye abin da suka kashe. Amin. Haza wassalam.