A Daina Yi Wa Laftop Fomat Don Kibod Ya Tsaya!

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. Kibod ko tachfad ɗin laftop ɗinka yana aiki yanzu, anjima ya ɗauke. Ka kai wa mai gyara, ko kunna ta bai yi ba sai ka ji ya ce "sai an yi fomat". Ka biya, hotunanka da aikin makarantarka su tafi, bayan kwana biyu matsala ta dawo. Sai kuma a ce ka hau mota daga Rogo ko Karaye zuwa Farm Centre ka sayo sabon kibod. Wannan canki-canki ne da kuɗinka, ɗan'uwa.

Matsalar da take zuwa ta tafi tana da dalili. Kafin ka ba kowa ko sisi, gwada waɗannan:

1. Zare caja. Idan tachfad yana tsalle-tsalle ko ya ƙi motsi sai lokacin da kake caji, musamman a wutar janareto, kana zarewa kuma ya dawo daidai, to cajar ce mai laifi. Jabun caja ya sha jawo wannan.

2. Duba batir. Idan tachfad ya ɗago sama, ko ya yi tauri wajen dannawa, ko bayan laftop ɗin ya buɗe, batir ne ya kumbura yake turo shi. Kashe ta nan take, kar ka ƙara sa caji, don zai iya kama wuta. Wane fomat ne zai sacce kumburarren batir?

3. Duba ko kai ka kashe shi. A yawancin HP EliteBook da ProBook na hannu, taɓa kusurwar sama ta hagun tachfad sau biyu yana kashe shi, ƙaramar fitila ta kama. A wasu kuma Fn ne da maɓallin da ke da hoton tachfad. Riƙe Shift na dama tsawon daƙiƙa 8 yana kunna Filter Keys, kibod ya riƙa tsallake haruffa.

4. Shiga BIOS. Lokacin kunnawa danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Idan a can ma kibod yana ɗaukewa, babu ruwan Windows. Sau da yawa siririyar wayar da ta haɗa kibod da bod ce ta saki saboda jijjigar babur, ko ƙurar hunturu ta shige ƙarƙashin maɓallai. A buɗe, a share, a mayar da ita mazauninta.

Wani zai ce ai fomat yakan yi aiki. Eh, idan matsalar direba ce. Amma ita ma sai ka shiga Device Manager, ka cire direban kibod ko na tachfad, ka sake kunna laftop, Windows ya mayar da shi da kansa, fayil ko ɗaya bai ɓata ba. Don me za a ƙone rumbu saboda ɓera?

Abokan sana'a, in ba ku gano ciwon ba, ku ce ba ku gano ba. Kai kuma mai laftop, duk wanda ya ce maka fomat, tambaye shi: ka gwada BIOS? Ka duba batir? In ya fara kame-kame, ɗauki kayarka.

Wace laftop kake amfani da ita, kuma yaushe take ɗaukewa? Faɗa mana a ƙasa.