Amurka: Shin sayar da layin titi na magance cunkoson motoci?

A watan Disambar 2017, wasu direbobi a jihar Virginia ta Amurka sun ga allon titin I-66 ya nuna dala 40 a matsayin kuɗin tafiyar kilomita 16 kacal zuwa birnin Washington.

Kafin lokacin, motar da ke ɗauke da mutum biyu zuwa sama ce kawai ake bari ta bi titin a lokutan zuwa aiki da tashi. Sabon tsarin ya buɗe shi ga mai tafiya shi kaɗai, muddin zai biya.

Irin wannan sauyi ya bazu a jihohi da dama, kuma har yau ana tafka muhawara a kansa.

Asalin layin 'yan haɗaka

Tun a farkon shekarun 1970, lokacin da aka shiga matsalar man fetur, Amurka ta fara ware layi guda a manyan tituna domin bas-bas da mutanen da suka haɗu a mota ɗaya. Dabarar ita ce a saka wa masu haɗaka da saurin tafiya, ta yadda motoci za su ragu.

Sai dai al'adar ta yi ta ja baya. Alƙaluman hukumar ƙidaya sun nuna cewa a 1980 kusan kashi 20 cikin 100 na ma'aikata ne ke haɗa mota zuwa aiki, amma zuwa 2019 ba su kai kashi 10 ba.

A wasu biranen, sai layin ya zama kusan fayau, alhali na gefensa sun cushe. Daga nan ne hukumomi suka fara tunanin sayar da gurbin da ya rage.

Yadda tsarin ke aiki

Birnin San Diego na Kalifoniya ya gwada hakan a titin I-15 a 1996, sai Minnesota a 2005, Atlanta a 2011, Los Angeles a 2012.

Babu shinge ko mai karɓar kuɗi. Wata 'yar na'ura da ke manne a gilashin mota ce ke cire kuɗin kai-tsaye. Farashin kuma yana sauyawa cikin 'yan mintuna: idan motoci suka yi yawa ya hau, idan suka ragu ya sauka.

Manufar ita ce tsadar ta kori wasu, domin layin ya ci gaba da gudu. Ma'aunin dokar tarayya shi ne gudun da bai gaza kimanin kilomita 72 a sa'a ba a lokutan cunkoso.

Ke nan dala 40 ɗin nan ba kuskuren na'ura ba ne. Saƙo ne cewa titin ya cika.

Wa ke cin moriya?

Masu goyon baya na cewa abin da ake sayarwa tabbacin lokaci ne. Uwar da za ta ɗauko ɗanta daga makaranta, ko mai gyaran famfo da ke da alƙawari, na iya biya a ranar da ta kama, sauran ranaku su bi layin kyauta.

Masu suka kuwa sun laƙaba masa sunan "layin masu Lexus". Hujjarsu ita ce an gina titin da harajin kowa, amma mai hannu da shuni ne zai iya bin sa kullum.

Akwai kuma batun 'yan haɗakar kansu. A titin I-85 na Atlanta, an ɗaga sharaɗin shiga kyauta daga mutum biyu zuwa uku. Mata da miji da suka saba bin layin sai dai su biya ko su koma cikin cunkoso. Ƙorafi ya yi yawa har gwamnan Jojiya na lokacin, Nathan Deal, ya sa aka rage kuɗin cikin 'yan kwanaki. Shi ma titin I-66 ya koma mutum uku a 2022.

Inda gizo ke saƙa

Layi ɗaya mai gudu ba ya kawar da cunkoso daga sauran layukan, domin akasarin motoci na nan inda suke. Abin da yake bayarwa mafita ce ga wanda zai iya biya, da kuma bas ɗin da ke bin layin.

Shi ya sa tambaya mafi muhimmanci ita ce ina kuɗin ke tafiya. San Diego ta yi amfani da wani kaso wajen ɗaukar nauyin bas-bas a kan titin. Virginia na zuba kuɗin I-66 a ayyukan sufurin jama'a na yankin. Los Angeles kuma na yi wa masu ƙaramin ƙarfi rangwame.

Inda aka yi haka, wanda bai mallaki mota ba ma yana samun rabonsa, tunda bas ɗinsa ba ya maƙalewa. Inda kuwa aka tsaurara wa 'yan haɗaka, aka kuma bar bas-bas yadda suke, to layin da aka ƙirƙira domin rage motoci ya koma hanyar saukaka wa mai tafiya shi kaɗai.