Mai jego, kada ki ajiye aiki kina cikin ciwo

Akwai wata tambaya da mata masu aikin albashi suke yi wa ma'aikatan asibiti idan jariri ya kusa wata biyu. Hutun haihuwa ya zo ƙarshe. An aiko daga wurin aiki ana tambayar ranar dawowa. Ita kuwa mai jego ba ta warke ba. Sai ta ce, "In nemi hutun jinya ne, ko in rubuta takardar ajiye aiki in huta?"

Masu wannan tambaya ba a birni kaɗai suke ba. Akwai malamar lakwal ta ƙauye, da ma'aikaciyar ƙaramin asibiti, da mai dafa abinci ko mai shara a wata ma'aikata. Albashin da yawansu shi ne yake sayen hatsi idan rumbu ya ƙare kafin kaka.

Shawararmu ita ce, ƴar'uwa, ki fara da hutun jinya. Ki bar maganar ajiye aiki sai kin samu lafiya. Ga dalilanmu.

Wahalar haihuwa ciwo ce

Ba kowace haihuwa ce kwana arba'in suke isa a warke daga ita ba. Wadda aka yi wa tiyata tana bukatar aƙalla sati 6 kafin ciwon ya kama sosai, kuma kaya masu nauyi sai bayan haka. Wadda ta zubar da jini da yawa takan yi wata 3 tana shan maganin ƙarin jini kafin jiri da kasala su sake ta. Wadda ta daɗe tana naƙuda za ta iya fita da yoyon fitsari, ko da ƙafa ɗaya da take ja. Ana gyara yoyon fitsari, alal misali a cibiyar Danja kusa da Maraɗi, amma bayan aikin sai mace ta yi kamar wata 3 ba aiki mai nauyi, ba kwanciyar aure.

Akwai kuma ciwon da ido ba ya gani. Mace ta ga mutuwa kusa, ko jaririnta ya zo ba rai, ko an yi mata tsawa da wulaƙanci tana kan gwiwa. Bayan an sallame ta, abin yana dawo mata kamar yanzu ake yinsa. Tana mugayen mafarkai. Kukan jariri ko warin asibiti yana sa gabanta ya faɗi. Wata kuma baƙin ciki ne yake danne ta: ba barci, ba cin abinci, ba ta jin daɗin komai, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce.

Ƴar damuwa da kukan da suke zuwa a kwanakin farko bayan haihuwa sukan wuce cikin sati 2. Idan sun zarce haka, ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, kusan mace 1 cikin 5 tana samun irin wannan ciwon zuciya da tunani bayan haihuwa. Ba iskoki ba ne. Ba raki ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba. Yana da magani, kuma likita yana iya rubuta takardar hutu a kansa kamar yadda yake rubutawa a kan karaya.

Abin da dokar ƙasa ta ba ki

Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta ba mace hutun haihuwa na sati 14, kuma 8 daga ciki bayan haihuwa ne. Idan likita ya tabbatar cewa ciki ko haihuwar ya bar mata ciwo, ana ƙara mata sati 3. A cikin wannan lokaci mai aikin ba shi da ikon korar ta.

Idan waɗannan sun ƙare ba ki warke ba, akwai hutun rashin lafiya kamar na kowane ma'aikaci. Da takardar likitan da hukuma ta amince da shi, ana riƙe miki gurbinki har wata 6. Kuɗin da ake biya a wannan hutu ba lalle ne ya zama cikakken albashi ba. Ya danganta da shekarunki a wurin da irin yarjejeniyar da kika sa wa hannu, saboda haka ki tambaya tun da wuri.

Idan kin koma aiki, kina da lokacin shayarwa har awa 1 a kowace ranar aiki, a shekarar farko ta jariri. A cikin wannan shekarar kuma doka ta yarda ki bar aikin duk ranar da kika ga dama, ba sai kin ba da wa'adi ba, ba kuma za ki biya tara ba.

Ma'aikatan gwamnati suna da tasu doka dabam, ita ma ta tanadi hutun haihuwa da na jinya. Idan aka hana ki haƙƙinki, ofishin sufeton ƙwadago na jiharku shi ne wurin kai kuka.

Me ya sa hutu ya fi zama na farko?

Wadda ta ɗauki hutun jinya tana iya ajiye aiki gobe ko bayan wata uku. Ƙofar tana nan a buɗe, doka ma ta bar mata ita. Amma wadda ta miƙa takardar ajiye aiki, ta rufe ƙofar hutu da hannunta. Kafin ta warke an ɗauki wata. A ƙauyukanmu guraben albashi nawa ne?

Ki kuma lissafa abin da yake tafiya tare da aikin. Wadda ta bar aiki da kanta ba a biyanta kuɗin sallama irin na wadda aka sallama. Kuɗin da ake zuba mata a asusun CNSS domin ritaya yana tsayawa. Albashi yana yankewa daidai lokacin da take bukatar kuɗin magani, da kuɗin mota zuwa asibiti, da nama da ƙwai da za su maida mata jini. Sau da yawa rashin kuɗin yana ƙara wa damuwar nauyi.

Babban dalili shi ne wannan: ciwon damuwa yana canza yadda mutum yake ganin duniya. Yana gaya wa mace cewa ba za ta ƙara iya komai ba, cewa ta zama kaya a wuyan mutane. Ciwon ne yake magana. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, annabi Iliya ya gaji har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai fara da yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan aka zo ga maganar abin da zai yi a gaba. Iliya yana tsammani shi kaɗai ya rage, ashe akwai mutum 7,000. Mai gajiya ba ya ƙirga daidai. Ki ci, ki yi barci, ki sha magani, sa'an nan ki yanke shawara.

Abin da wasu za su ce

Wata za ta ce, "Ina jin kunya. Kowa zai san abin da yake damuna." Takardar da ake kai wa wurin aiki tana faɗin kwanakin hutun da likita ya ba ki. Ba dole ba ne ki zauna ki ba shugabanki labarin yoyon fitsari ko mafarkanki. Sirrinki yana tsakaninki da likita.

Wata za ta ce, "Ba na so in ci haƙƙin wurin aiki. Abokan aikina suna shan wahala saboda ni." Wannan zuciya ce mai kyau. Lalle mace mai lafiya da ta nemi takardar ƙarya ta yi zalunci, kuma ba ma goyon bayan haka. Amma wadda ba ta da lafiya da gaske, hutun haƙƙinta ne. Abin da ya kamata ta yi wa wurin aikin shi ne ta sanar da wuri, domin a samu mai riƙe mata na ɗan lokaci.

Wani maigida zai ce, "Ta zauna a gida kawai, ni zan ɗauki nauyinta." Madalla da wannan niyya. Amma idan ta tabbata, za ta tabbata bayan wata uku ma. Ka bar ta ta warke, ku zauna ku yi lissafi tare da hankalinta a kwance.

Wadda jaririnta ya rasu kuma, sai a ce mata, "Tun da ba goyo, ki koma aiki ki manta." Jikinta ya haihu kamar na kowace mace, ga makoki a kai. Ita ma tana bukatar hutu.

Ba muna cewa ajiye aiki laifi ba ne. Akwai lokacin da shi ne daidai: idan jariri yana da ciwon da yake bukatar uwarsa dare da rana, ko aikin ya fi ƙarfin jikinta har bayan magani, ko ana wulaƙanta ta a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Roƙonmu shi ne ta yanke wannan shawara tana da lafiya, ta san abin da za ta bari da abin da za a ci a gida.

Abin da za ki yi

1. Ki zo asibiti kafin hutun haihuwa ya ƙare, kada ki jira ranar ƙarshe.
2. Ki faɗa wa likita ko ungozoma komai, har da rashin barci, da tsoro, da kuka.
3. Ki kai takardar likita wurin aiki, ki riƙe kwafi ɗaya a hannunki.
4. Kada ki daina zuwa aiki shiru ba takarda. Ana iya ɗaukar haka a matsayin gudun aiki.
5. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki fahimta ba. Ki nemi wanda kika amince da shi ya karanta miki.
6. Idan lokacin komawa ya yi, ki roƙi a fara miki da aiki marar nauyi.

Kada a jira ko kwana ɗaya idan mai jego tana zubar da jini, ko zazzaɓi, ko ƙafafunta sun kumbura numfashi yana yi mata wuya, ko tana maganganu a ruɗe, ko tana tunanin kashe kanta ko cutar da jariri. A kawo ta asibiti nan da nan, kada a bar ta ita kaɗai.

Wadda ba ta da albashi fa?

Yawancin matanmu aikinsu daka ne, da rijiya, da itace, da gona. Ba su da shugaban da zai sa hannu a takardar hutu. Hutunsu yana hannun miji da uwar miji. Ku ne ma'aikatarta. Idan likita ya ce ta huta wata 3, kada a ce arba'in ta cika, ta ɗauki taɓarya. Mace da yawa da ta tattara kaya ta koma gidan iyayenta, hutu kaɗai ta nema aka hana ta.

Zumuntar mata da dattawan ikkilisiya, da maƙwabta ko wane addini suke bi, kuna da aiki a nan. Ku raba kwanaki: wannan ta ɗebo ruwa, wannan ta kai niƙa, wannan ta riƙe jariri uwar ta yi barci. Ku yi mata addu'a, ku kuma raka ta asibiti. Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya abin da aka samu. Amin.