Alƙalan Amurka da Nufin Magabata

Tun ranar da Edwin Meese, Antoni Janar na gwamnatin Reagan, ya tsaya gaban ƙungiyar lauyoyin Amurka a 1985 yana kira ga alƙalai su koma ga nufin waɗanda suka rubuta tsarin mulkin ƙasar a Filadelfiya a 1787, saɓanin da ya daɗe yana ci a ɓoye tsakanin masana shari'a ya fito sarari. Mazhaba ɗaya, wadda Mai Shari'a Antonin Scalia ya yi wa limanci a Kotun Ƙoli daga 1986 har rasuwarsa a 2016, ta tafi a kan cewa ma'anar nassi ita ce abin da mutane suka fahimta daga lafazinsa sa'ad da aka zartar da shi. Ɗayar kuwa, ta su Mai Shari'a William Brennan, tana ganin wajibi ne a fassara shi da la'akari da halin zamani.

Wanda ya zauna gaban malamin usulul fiƙihu ba zai ji baƙuntar wannan jayayya ba, domin ya san tsayuwar Ibn Hazm a kan zahirin lafazi, ya kuma san bahasin Shaɗibi a kan manufofin shari'a. Sai dai nassin Amurkawa maganar 'yan Adam ce, waɗanda wasunsu ma bayi suka mallaka.

Hujjar mabiya Scalia tana da ƙarfi, gama alƙalin da ba wanda ya zaɓe shi, kuma yana kan kujera muddin ransa, in aka sakar masa linzamin tawili, son zuciyarsa ne zai zama doka. Amma a ganina maganin nasu bai raba alƙali da ijtihadi ba, ya dai ɗauke ijtihadin daga fagen shari'a ya kai shi fagen tarihi, inda alƙali ba gwani ba ne. A shari'ar Heller ta 2008, kan haƙƙin mallakar bindiga, Scalia ya tono ƙamusoshi da dokokin ƙarni na 18 ya ce haƙƙin na kowane mutum ne, Mai Shari'a John Paul Stevens kuma ya tono tarihin zamanin nan ɗaya ya ce yana rataye da aikin mayaƙan jiha, aka rabu biyar da huɗu. Haka nan hukuncin Brown na 1954, wanda ya haramta wariyar launin fata a makarantu, yana wahalar da mabiya Scalia ƙwarai, tun da a 1868, lokacin da aka zartar da gyara na 14 ga tsarin mulkin, wanda hukuncin ya dogara da shi, makarantun birnin Washington kansu a ware suke.

Sukan ce wanda nassi bai gamsar ba ya nemi a gyara shi. To, gyaran yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisar dokokin tarayya da amincewar jihohi 38 cikin 50, a ƙasar da jam'iyyu biyu ba sa ga maciji, kuma rabon da a yi shi tun 1992.