Kyamara Ba Ta San Farar Shadda Ba

Na'urar auna haske da ke cikin kyamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. An gina ta ne a kan zato guda: duk abin da ke gabanta, in aka gauraya haskensa da duhunsa, zai koma ruwan toka, launin da ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Wannan zato ne ya haifi hotunan bukukuwan da suka cika wayoyi, inda ango ya sha farar shadda amma fuskarsa ta fito kamar gindin tukunya. Kyamara ta ga fari ya cika mata ido, ta ɗauka haske ne ya yi yawa, sai ta rage. Shadda ta dusashe, fuska ta nutse.

Shi ya sa gwanaye ke murɗa maɓalli zuwa harafin M, wato manuwal, su yanke hukunci da kansu. Su ke zaɓar faɗin ƙofar da haske ke shiga. In an buɗe ta sosai, kamar f/2.8, bayan mutum ya yi dishi-dishi, shi kaɗai ya fito tar. Su ke zaɓar tsawon lokacin da ƙofar za ta zauna a buɗe. Dokin da ya taho a sukwane wajen jahi ranar Hawan Daushe a Kano sai an ba shi kamar ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa kafin ya tsaya cak a hoto. Sai kuma ISO, wanda ɗaga shi ke taimakawa cikin duhu, amma yana zuba wa hoto tsaki-tsaki.

Amfanin manuwal ya fi fitowa a ɗakin taro. Fitilun wurin ba sa canzawa daga farkon liyafa zuwa ƙarshenta, tufafin mutane ne ke canzawa. Mai aiki da oto, wato wanda ya bar wa kyamara hukunci, in ya ɗauki uwar amarya cikin baƙin leshi, kyamara ta ƙara haske har fuska ta ƙone. Ya juya kan abokan ango masu fararen kaya, ta rage. Wuri ɗaya, haske ɗaya, hotuna kowanne da kalarsa. Mai manuwal kuwa ya auna hasken fuska sau ɗaya, ya kulle, ya ci gaba da aikinsa. Ya kuma san wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka yakan tsaya a ɗaya bisa 50 ko ɗaya bisa 100, kada wasu fitilun su zana masa layi-layi a hoto.

Akwai kuma tsohon zance da bai kamata a gaji da maimaita shi ba. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto katin gwajin launi da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, kuma da fatarta aka riƙa daidaita injuna. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Har a 2021 kamfanin Google yana tallar wayarsa Pixel 6 da cewa ta iya ɗaukar baƙar fata yadda take. Sana'ar da ta ɗauki tsawon wannan lokaci kafin ta lura da baƙar fuska, sakarci ne baƙin mutum ya sallama mata fuskar abokin cinikinsa ba bincike.

Gaskiya oto, wanda ya faro tun kyamarar Kodak ta 1938 ya kuma yaɗu da Canon AE-1 a 1976, yana ceton ɗan jarida a wuri kamar filin tarzoma, inda haske ke sauyawa kafin ƙiftawar ido.

Amma biki ba filin tarzoma ba ne, kuma koyon manuwal ba karatun likita ba ne. Masu hoton zamanin da suna da ƙa'ida: a tsakar rana, f/16 da ISO 100 da ɗaya bisa 100 sun wadatar, in hazo ya rufe rana a ƙara buɗe ƙofa kaɗan. Da filim suka yi haka, ba allon dubawa. Wanda ya rataya kyamara mai tsada, ya karɓi kuɗin aiki, ya bar ta a oto, lalaci ne ke damunsa. Masu biki su nemi mai hoto ya ɗauki ango cikin fararen kayansa, su duba fuskar a allo, kafin su biya kafin alƙalami.