Me ya sa adireshin imel ke ƙin buɗewa a wasu shafukan intanet?

Ka ga sanarwar ɗaukar aiki ko ta tallafin karatu, saura kwana guda a rufe. Ka shiga shafin hukumar, ka gangara inda aka ce a tura takardu ta imel, ka latsa, shiru. Ka sake latsawa, shiru. Wani lokaci ma maimakon adireshin sai ka tarar da kalmomin Turanci "email protected", ko wani rubutu da ke cewa an kare adireshin, sai ka kunna JavaScript kafin ka gan shi.

Mutane da dama kan ɗora laifin a kan waya ko rashin sabis, wasu har su nufi wurin mai gyara. Amma galibi lafiyar wayar ƙalau. Dabaru biyu ne ke cin karo: wadda masu shafuka ke yi don kare adireshinsu, da wadda mai waya ke yi don tattalin data.

Yadda abin yake aiki

Adireshin imel da ake latsawa a shafi ba shi ne ke tura saƙo ba. A bayansa akwai wani ɗan umarni da ake kira mailto, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a 1998, aka sabunta ta a 2010. Aikinsa kawai ya gaya wa burauza ta miƙa adireshin ga manhajar imel da ke cikin na'urar, kamar Gmail ko Outlook. Idan babu manhajar, ko an kashe ta, ko ba a zaɓe ta a matsayin mai karɓar wannan aiki ba, to ko sau nawa ka latsa babu abin da zai faru.

Wannan ke nan. Na biyu kuma, akwai manhajoji da ke yawo a intanet dare da rana suna tsintar adireshin imel don a riƙa aika masa tarkacen talla da saƙonnin damfara. Domin kauce musu, masu shafuka kan hargitsa adireshin, su bar wa wani ɗan gajeren shiri na JavaScript aikin warware shi idan mutum ya buɗe shafin. JavaScript harshe ne na kwamfuta da Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995, kuma a yau kusan duk shafuka sun dogara da shi.

Kamfanin Cloudflare, wanda ke bai wa ɗimbin shafuka kariya, yana da irin wannan tsari, kuma shi ne ke nuna "email protected" idan shirin bai yi aiki ba. Manhajar gina shafuka ta Joomla ma tana da nata. Idan shirin bai sauko ba saboda raunin sabis, ko manhajar toshe talla ta tare shi, ko wani kuskure ya tsayar da shi a tsakiya, sai adireshin ya zauna a ɓoye.

Tsadar data ta ƙara dagula lamarin

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Wanda ke sayen data ta kwana guda dole ya nemi hanyar da za ta kai shi dare.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce burauza irin Opera Mini. A matakinta mafi tsanani na tattalin data, kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafin, su bai wa JavaScript ɗan lokaci kaɗan, sannan su matse sakamakon su turo wa waya. Duk abin da bai kammala ba a wannan lokacin yana iya rasa isowa. Haka nan shafin da aka buɗe daga cikin Facebook yakan buɗe ne a wata ƙaramar burauza ta cikin manhajar, wadda ba kullum take miƙa adireshi ga Gmail ba.

Ma'ana, wanda ya fi buƙatar aikin ko tallafin, kuma ya fi ƙarancin kuɗin data, shi ne ya fi yiwuwa ya tarar da ƙofar a rufe.

Haɗarin bai tsaya nan ba. Wanda ya kasa ganin adireshin kan koma tambaya a WhatsApp ko Facebook, inda 'yan damfara ke jira da adireshin bogi. Daga nan sai takardun shaidar karatu da lambar NIN su faɗa hannun da ba a sani ba, ko a nemi ya biya kuɗin fom.

Abin da za ka yi

Da farko, sake loda shafin idan sabis ya ɗan yi ƙarfi. Idan daga Facebook ka shigo, latsa ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi buɗewa a Chrome. Idan Opera Mini kake amfani da ita, sassauta tattalin datar ko ka sauya burauza na ɗan lokaci.

A Chrome na Android, shiga Settings, sannan Site settings, ka tabbatar JavaScript a kunne yake. Idan akwai manhajar toshe talla, dakatar da ita a wannan shafin kaɗai.

Idan adireshin ya fito amma ya ƙi buɗewa, danne shi da yatsa na ɗan lokaci, ka kwafa, ka liƙa a Gmail da kanka. Wannan ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ce ta fi dacewa a kafe, inda kwamfutoci da yawa ba su da manhajar imel da aka saita.

Kafin ka tura takardu, duba ƙarshen adireshin shafin. Na hukumomin gwamnatin Najeriya kan ƙare da gov.ng, na manyan makarantu kuma da edu.ng.

Alhakin masu shafuka

Duk da haka, bai kamata nauyin ya ƙare a kan mai waya ba. Hukumar da ke gayyatar dubban mutane su turo takardu ta san akasarinsu da ƙaramar waya za su shigo. Kare adireshi daga tarkacen saƙonni abu ne mai ma'ana, amma manyan kamfanonin imel sun daɗe suna tace irin waɗannan saƙonni da kansu.

Ba wani kuɗi ake buƙata ba a rubuta adireshin a fili cikin sanarwar, a ƙara lambar waya, sannan a gwada shafin da Opera Mini a waya mai araha kafin a sake shi ga jama'a. Ma'aikacin da ya gwada shi a kwamfutar ofis zai ga komai daidai. Mai neman aikin da ke ƙauye kuwa, ranar rufewa za ta wuce shi yana ta latsawa.